Ranar da Duwatsun Ladan Suka Sha Fenti

Idan ka sauka Yelwa ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka gidan Malam Ladan, zai tambaye ka wanne, don masu sunan sun fi goma a garin nan. Amma da ka ce Ladan Mai Duwatsu, ba zai ƙara magana ba, murmushi kawai zai yi ya tayar da mashin. Ni mai ba ku labarin nan sunana Uwani, ina bandar kifi a bayan kasuwa, kuma taubashiyarsa ce. Uwarsa, Gwaggo Tamada, ƙanwar ubana ce. Ke nan a al'ada bawana ne, ina da izinin in tsokane shi safe da yamma, kuma Allah ya sani ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba.

A gungu aka haife mu, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, tun kafin a datse ruwa a Kainji. Shekarar da aka ce kowa ya tashi ruwa na zuwa, a farkon daminarta Gwaggo Tamada ta rasu, aka binne ta a can. Ladan na da shekara goma sha biyu, ni tara. Ranar tashi kowa na loda abin da yake ganin shi ne dukiya, masu turmi na ɗaukar turmi, masu awaki na jan awaki, har jinkar ɗaki sai da aka ɗora wa jirgi. Sai ga Ladan ya taho yana nishi, rungume da baƙin dutse.

Ubansa ya daka masa tsawa: "Kai, mi za ka yi da dutsi? Can inda za mu an ce maka babu duwatsu?"

Ladan ya ce na murhun Inna ne, ɗaya daga cikin ukun. Aka make shi, aka ce jirgi ya yi nauyi. Ya ajiye dutsen a tsakiyar jirgi ya zauna a kansa, ya ce sai dai a jefa su ruwa tare. Haka aka ƙyale shi. Kabarin Gwaggo yau masunta na jefa raga a samansa ba su sani ba, kuma ban da dutsen nan Ladan bai fito da komai nata ba.

Da ya girma bai yi sana'ar kamun kifi ba kamar sauran danginmu. Wasu masu binciken ma'adinai suka zo yankin, suka ɗauke shi aikin dakon buhu. Shekara goma sha ɗaya yana bin su daga Shanga zuwa Ngaski, su fasa dutse da guduma, su duba da madubi, su manna masa takarda, shi kuma ya ɗauka. Sauran 'yan dako sun fito da ciwon baya. Shi ya fito da ciwon baya da kuma magana guda da ya haddace daga bakin ubangidansa, wadda ya ishe mu da ita shekara arba'in: "Dutsen da ba shi da takarda, dutse ne kawai."

Masu binciken suka tafi, ciwon bai tafi ba. Ladan ya koma facin jiragen ruwa don ya ci abinci, amma duk inda ya je sai ya dawo aljihu na rinjaye. Zauren gidansa ya cika, ya kafa katakai bene-bene. Kowane dutse ya wanke shi, ya yanko 'yar takarda kamar faɗin yatsa biyu, ya rubuta lamba da suna da inda aka samo shi da ranar, ya manna da ƙaro. Akwai tama da maƙeran da suke narkawa. Akwai gatarin aradu guda bakwai, waɗanda mu muka sani tsawa ce ke jefo su, shi kuma ya ce mutanen farko ne suka sassaƙa. Akwai farin dutse mai siririyar jijiyar zinariya. Akwai wani ɗan baƙi, bai fi ƙwallon goruba ba amma nauyinsa sai ka sa hannu biyu, wanda wani makiyayi, Gidaɗo, ya ga faɗowarsa daga sama a gonar gero wajen Shanga, ya kawo masa don tsoron ajiye shi a ruga. Duka ɗari huɗu da goma sha biyu. Lamba ɗaya shi ne na murhun Gwaggo, yana can sama shi kaɗai, da baƙin hayaƙinsa, ba a taɓa wanke shi ba.

Ya sa aka rubuta a ƙofar zauren wai Gidan Tarihin Duwatsu, shiga kyauta. Kuma jama'a na shiga, kada in yi masa ƙarya. Direba ya shiga ya ari na tare taya. Mai jirgi ya shiga ya ari na ɗaure igiya. Liman ya aiko a ba shi mai santsi na taimama don marasa lafiya. Ni kaina na taɓa ɗauke lamba tamanin da uku na danne murfin tanderun banda da shi wata biyu, sai da ya biyo warin kifi ya kamo ni. Da haƙar zinariya ta ɓarke a yankin, samari suka riƙa cika zauren suna tambayar wane dutse ne mai kuɗi. Shi kuma ya zaunar da su ya fara daga yadda ƙasa ta yi sanyi. Kafin ya kai ga zinariya duk sun zame. Na ce masa, "Bawana, kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma kai naka ko kuka ba ya yi." Ya ce shi ya sa ya fi son su a kaina.

Shekara bakwai da suka wuce cutar yanar ido ta rufe masa idanu. Sai ya koma sanin duwatsun da hannu, ya ɗauka ya shafa ya faɗi lambar, ba kuskure. Amma tsoro ya shige shi, kuma ni kaɗai ya gaya wa. Babban ɗansa Usman magini ne a Kontagora. Ya zo gaisuwar salla, ya tsaya ya dubi katakan nan sama da ƙasa, ya ce, "Baba, wannan ai zai cike harsashin ɗaki biyu." Yaron bai yi nufin mugunta ba, idon sana'a ne. Tun daga ranar Ladan ba shi da wata magana sai ta a samu ɗaki na jama'a, mai ƙofa da makulli, inda za a ajiye su da takardunsu bayan ransa. Ya ce mini, "Uwani, in na mutu su ma sun mutu. Na Inna ma a ƙarƙashin masai zai ƙare." Na yi masa dariya a fuska, na koma gida na kasa cin tuwo.

Ana nan sai ga wata ƙungiya, wai Ƙungiyar Farfaɗo da Martabar Gargajiya, shugabanta Alhaji Surajo, mutumin da in ya ga kyamara har tafiyarsa canzawa take. Suna neman abin da za su nuna wa ubansu na ƙungiya, wani babban mutum daga birni da ke shirin neman kujera. Gasar kokawa an yi, rabon atamfa an yi. Wani ya tuna musu da tsohon nan mai duwatsu. Cikin wata biyu suka gina ɗaki guda a bakin hanya, suka kafa allo wanda ya fi ƙofar ɗakin faɗi, da hoton babban mutumin yana nuna sama da yatsa. Sunan Ladan na can ƙasa, sai ka durƙusa. Bai damu ba, tunda ba gani yake ba. Har da ƙarin alheri, babban mutumin ya kawo likitocin ido kyauta a makon, aka sa Ladan a sahun farko. Za a yi masa aiki ranar Juma'a, a kwance bandeji Asabar da safe, a buɗe gidan tarihi da hantsi. Alhaji Surajo ya ce hoton zai yi ma'ana.

Ranar Alhamis Ladan da kansa ya tsaya aka kwashe duwatsun a baro. Simintin ɗakin bai bushe ba, sai aka jibge su a kan tabarmi ƙarƙashin dogonyaro, a ƙofar ɗakin. Juma'a da safe kafin a tafi da shi ya kamo hannuna ya ce, "Uwargijiyata, amana. Ko kaza kada ta taka su." Na ce ya tafi a gyara masa ido ko ya ga munin kansa. Na rufe bandata, na ɗauko kujera na zauna gadi.

Wajen hantsi sai ga mutum uku da bokitai da burushi, babbansu Sa'idu mai fenti. Kwamitin tarbar baƙi ne ya turo su. To, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a tarbar babban mutum da tsiraicin dutse. Ko makaranta ce, ko asibiti, ko filin taro, sai an jera duwatsu hagu da dama tun daga bakin titi, an shafe su fari tas. Da niyyar su gangara bakin ruwa su yi ta dako suka zo. Sa'idu na ganin tulin nan ya washe baki.

"Hajiya, wa ya tara muna wanga? Har da wanki. Allah shi yi mai albarka, ya hutar da mu."

Na ce ya kiyaye, waɗannan su ne duwatsun gidan tarihin, don su za a yi taron.

"To ai shi ya sa," in ji Sa'idu. "Shugaba ya ce duk dutsin da babban baƙo zai ɗora wa ido, a yi mai fenti. Kuma ba farar ƙasa ba, fentin mai, wanda ruwa ba ya wankewa."

Ku gaya mini, ina laifin maganar nan? Na duba ta gaba da baya ban ga ɓaraka ba. Ango ma ai sai an yi masa wanka. Shekara arba'in ana yi wa duwatsun nan dariya, ni ce kan gaba, yau ga hukuma da kanta ta aiko a yi musu kwalliya. Wallahi har ƙwalla na ji. Na ce a raina, yau duwatsun Ladan sun ga gata. Da Sa'idu ya ce 'yan takardun nan na hana fenti kamawa, ni na aika gida aka kawo babbar robata ta wankin kifi, aka cika ta da ruwa. Ƙaro kuwa ba ya gardama da ruwa. Kafin azahar takardun nan ɗari huɗu da wani abu suna yawo a saman robar, tawada ta narke ruwan ya koma shuɗi.

Sai na ga sun ware guda ɗaya sun jefar gefe. Na duba, na Gwaggo ne. Sa'idu ya ce wannan ya cika baƙi, fenti ba zai zauna ba. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai yaro, ka san ko wane ne wannan? Shi ne babbansu. A yi wa bare kwalliya a bar mai gida?" Na ɗebo yashi da soso, na durƙusa da tsofaffin gwiwoyina, na goge hayaƙin shekara hamsin da shida da hannuna. Na tsaya a kansu sai da suka yi masa shafi biyu. Rashin sani ya fi dare duhu, na kwana ina jin daɗin kaina.

Asabar da hantsi hanya ta yi kyau, wannan kam ba a musu. Layi biyu farare tun daga titi har ƙofa. Mota ta kawo Ladan daga wurin likitoci, cikin sabuwar babbar riga da baƙin tabarau. Ina tsaye a gaba ina jiran yabo. Ya sauko, ya zare tabarau a hankali, ya ƙyafta idon da aka gyara. Shekara bakwai rabonsa da ganin komai sai inuwa.

"Uwani, ke ce kinka tsufa haka?" Ya yi dariya. Sannan ya dubi hanya. "Ashe garin namu ya yi kyau. Ina sunka samo duwatsu masu kyau haka?"

Kafin in buɗe baki ya sunkuya ya ɗauki wani ɗan ƙarami kusa da ƙafarsa. Hannun ya rinjaya ƙasa don nauyi. Na sama ne, na Gidaɗo. Na ga babban yatsansa yana zagaya dutsen yana neman takarda, ya zagaya, ya sake zagayawa. Ya ɗago ya bi layin nan da ido har titi, ya dawo ta ɗaya layin. A nan maganar da ya ishe mu da ita shekara arba'in ta faɗo mini a ka. Garin neman gira na rasa masa ido, kuma da robata.

Jiniya ta taso, babban baƙo ya iso, maroƙa suka kaure. Aka yanke ƙyalle, aka tura ƙofa, ɗaki wayam sai katakai. Alhaji Surajo ko gezau. Ya juya ya yi wa mutanensa raɗa, nan da nan aka tsinto goma sha biyu daga bakin hanya aka jera a tebur. Babban baƙo ya zagaya su hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar mai duba amarya. Ya ce bai taɓa sanin Allah ya albarkaci yankin nan da fararen ma'adinai haka ba, kuma farin nan alama ce ta zaman lafiya, in ya hau kujera zai kawo masu zuba jari. Ya tambayi wanne ne ya faɗo daga sama. Alhaji Surajo ya nuna wanda ya fi zagaye, wata marmara ce da Ladan ya tsinto a bayan tashar mota. Aka ɗauki hoto da ita ta kowace fuska. Mai jijiyar zinariyar kuwa, wanda samari suka yi shekaru suna nema, yana can bakin kwata kowa na tsallake shi. Yau in ka bi ta wurin allon na nan, ɗakin kuma kujerun haya ake ajiyewa a ciki.

Aka miƙa wa Ladan lasifika ya yi jawabin godiya. Ya tashi, ya riƙe ta, ya ce, "Na gode da ido." Ya zauna. Aka yi tafi, don an ɗauka ya gama ne saboda kunya.

Da jama'a suka watse wajen rabon abinci, na ga ya tuɓe hula, ya tattare rigar nan, ya durƙusa a farkon layi. Ya rufe sabon idon, ya ɗauki na farko ya shafa. "Ɗari biyu da shida. Tama, daga Ngaski." Na ruga na samo gawayi. Karatu ban yi ba, amma lamba na sani, da ita muke shaida kwandunan kifi. Yana faɗa ina rubutawa a kan farin, wanda ko ba komai ya karɓi gawayi da kyau. Haka muka bi layin nan da rarrafe, tsofaffi biyu, 'yan kabu-kabu na tsayawa kallo. Manya ya gane su. Ƙananan da fenti ya cike musu ramuka sai ya juya, ya juya, ya ce, "Wanga ban san shi ba," ya ajiye a hankali. Sau saba'in da ɗaya ya faɗi haka, kuma kowanne a ƙirjina ya sauka.

Muka kai ƙarshen layi na biyu bayan la'asar. Lamba ɗaya babu.

A nan na faɗa masa komai, da robar, da yashin, da shafi biyun. Na ce ya zage ni, yau na ba shi izinin. Ya ce, "Kin wanke shi?" Na ce da soso. Ya dafa ƙasa ya tashi, ya ce mu duba ko ya gangara. Muka duba kwata, muka duba ƙarƙashin rumfa, muka tambayi masu kwashe kujeru. Ni dai na riga na saddaƙar wani direba ya tare taya da shi ya yi gaba.

Hayaƙi ne ya ja mu bayan ɗakin. Can Hawwa mai abincin biki da matanta suke kankare ƙatuwar tukunyar dafa-duka, wadda aka ciyar da taron da ita. Ashe da asuba ƙarfen girkinsu ya karye, suka leƙo hanya suka ga duwatsu a jere ba mai su, suka zaɓi manya uku. Wuta ta yini tana ci. Fentin ya ƙone ya zube, duwatsun sun koma baƙi ƙirin. Ladan ya tsaya cak. Wannan bai buƙaci hannu ba, da ido ya gane shi, ga kwarmin nan a gefe inda Gwaggo take wasa wuƙarta.

Na yi kan Hawwa da masifa, na ce su sauke tukunyar nan yanzu, su san abin da suka ɗora wa wuta. Ladan ya riƙe mini gefen zane.

"Bar shi, uwargijiyata. Aikinsa yake yi." Ya zauna a ƙasa da sabuwar rigar, dab da murhun, cikin hayaƙin da likita ya ce kada ya kusanta. "Tun ina ɗan shekara goma sha biyu rabona da cin abin da ya dahu a murhun Inna. Ki ce su zubo mini, ko ƙanzo ne."

Ƙanzon ne kuwa ya rage. Na karɓo a murfin tukunya na ajiye masa. Ya yi bisimilla ya sa hannu, yana ci ruwa na bin kuncinsa daga sabon idon, ni kuma na juya baya ina yi wa Hawwa faɗan da ba ta ci ba don kada ya ga nawa. Ya cinye tas, ya suɗe yatsu, sannan ya ce gishirin ya yi yawa, Inna ba ta haka, kuma ni ma bandata haka take. Tun muna gungu ban taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ban rama ba. Rannan na bar masa.